Tseren Asabar a Ramin Kuza

Wannan ramin kakana Jatau ya haƙa,
shi da dubu irinsa, kwanon sarki bisa gammo,
a wanke kuza, a auna, a biya su ran Asabar.
Kamfani ya naɗe tabarmarsa ya bar rami baki buɗe,
damina ta zo ta rufa masa asiri da ruwa.

Yau ma Asabar ce.
Jirage bakwai a gaɓar Rayfield, kowanne da ciwonsa.
Na Davou kafinta katakon akwatin gawa ne, mara lafiyar ya miƙe.
Na Likita Obiora daga Ikko ya zo, yana ƙyalli, yana yoyo.
Nawa kuwa ni na ɗinka masa filafili
da ragowar rumfar biki, a kekena na Dilimi,
in iska ta cika shi har yanzu ana karanta "barka da zuwa".

Baba Sallau ba ya shiga.
Bai iya iyo ba, bai kuma ɓoye ba.
Nasa usur ne, da agogo, da littafin da shayi ya ɗiga wa.
Ya ɗaure jarkoki uku da dutse can tsakiya,
wanda ya taɓa jarka, ya sake zagayowa.

Ya busa.
Iskar duwatsun Shere ta sauko kamar mai bin bashi,
igiya ta ci mini tafin hannu,
jirgi ya kwanta gefe guda, na rataye a ɗaya gefen,
sanyi har cikin haƙori.
Na wuce Likita. Wallahi na wuce shi.
Ban ce uffan ba, hula kawai nake gyarawa.

Sai a jarka ta biyu, ɗif,
ta ɗauke kamar wutar unguwarmu.
Filafilai bakwai suka saki jiki kamar shanya.
Davou na fito, wai kiranta yake.
Likita na kwarfe yoyo da robar fenti.
Na leƙa ƙasa. Kore ne, ba a ganin gindi.
Gaba nawa ne daga nan zuwa inda ya tsaya da shebur?
Ko ya taɓa ɗaga kai daga can ya dubi daidai nan,
inda jikansa ke zaune bisa katako,
ba aiki, ba lada, iska kawai yake jira?
Ban san me zai yi mini ba, dariya ko tsawa.

Nenrot ce ta fara gani,
'yar sha huɗu, wadda ba mu sa a lissafi ba.
Can gefen itatuwan turare tsigar jikin ruwa ta tashi.
Ta karkata shiru ta tarye ta,
muna gardamar wa ya tokari wa.
Ta gifta mu kamar ba ta san mu ba,
cikin filafilinta na kumburowa.

Na fizgi igiya da haushi, na manta da sandar ƙasa.
Ta share ni. Jirgi ya kife.
Na sha ramin kakana maƙwarwa uku, ɗanɗanon ƙarfe,
rigar iyo ta ɗago ni kamar gora.
Hula ta tafi gaishe shi, ba alamar dawowa.

A gaɓa Madam Kangyang ta hura gawayi,
masara, dankali, shayi mai citta.
Kofin kulob tsohon filas ne da ya lotsa,
Nenrot ta rungume shi kamar ɗan akuya.
Sallau ya rubuta gaban sunana: bai gama ba.
Na ce ya ƙara: amma ya taɓo ƙasa.
Ya ce ƙarya nake, ko gaba guda ban nutse ba.

Na shanya filafili bisa dutse.
Ya yage tsakanin "barka" da "zuwa".
Litinin in na buɗe shago, ɗinkin mutane ya jira,
shi zan fara kamawa.