Tsakuwa a Gwangwani

Kwana tara ke nan famfonmu bai ce uffan ba.
A Garin Malam kowa ya san irin wannan shiru:
jarka a bayan jarka, layi har bakin titi,
duwatsun Damagaram kuwa sai dare ya yi
suke amayar da zafin da suka sha da rana.

Bayan tuwo na shimfiɗa tabarma,
na zaro Littafin daga ledar da ke tsare shi daga gara,
na ajiye gwangwanin madara a tsakiya.
Haka muke yi tun Barnaba bai fara tuƙin Agadas ba:
kafin a buɗe shafi, kowa ya jefa tsakuwa ɗaya,
ya faɗi abin da ya sa.

Lidiya ta jefa, ƙwal! Don sabon haƙorinta.
Fibi ta jefa don malamar lakwal ba ta zo ba.
Na haɗiye dariya, na ce a ƙara da roƙa mata lafiya.

Kefas ya juya mini tafin hannunsa, duk kanta.
"Inna, yau ba ni da ita.
Sau huɗu na je Sabon Gari da jarka,
sau biyu iska na ɗauko."

Ban matsa masa ba.
Godiyar tilas ruwa ce da aka matso daga tsumma,
ba ta kashe ƙishin kowa.

Na haska fitilar waya, muka karanta labarin kutare goma.
"Irin waɗanda kaka ta ce sun kafa Kara-Kara?" in ji Fibi.
Na ce irinsu, masu suna, masu iyaye.
Duka Almasihu ya warkar, ɗaya ya juyo.
Lidiya ta naɗe yatsu tara, ta bar ƙaramin a tsaye
yana rawa shi kaɗai.
"To ina sauran?"

"Gida mana," in ji Kefas, bai ɗago ba.
"Wanda ya shekara bai rungumi ɗansa ba,
tsayawa zai yi a hanya?"

Tsawa ta zo mini har maƙogwaro, ta koma.
Na tuna shekarar sanƙarau,
Fibi kwance a asibiti, wuya ya sandare,
ni ina zuba alkawari kamar mai zuba gero a turmi.
Ran da ta miƙe, Kasuwar Dole na ruga
na sayo mata takalmi ja.
Sai Lahadi ta uku na tuna wanda ya tashe ta.

Na ce musu, "Ƴaƴana, uwarku cikin taran take.
Gwangwanin nan ba don ku kaɗai na ajiye shi ba."

Muka yi yabo ƙasa-ƙasa, muryar Lidiya na tuntuɓe da barci.
Ta bayan katanga ina jin Malam Laminu
yana lallaɓa ɗan ruwan butarsa ya isa alwala.

Wajen ƙarfe uku na dare famfo ya yi tari.
Ya sake yi, kamar tsoho zai fara magana.
Kafin in lalubo zane, Kefas ya kafa bokiti,
ya haye turmi yana buga katanga:
"Malam! Ya zo! Ku fito da tulu!"

Randa ta cika, tukunyar wake ta cika,
har kwanon kaji bai tsira ba.

Da gari ya waye na juye gwangwani a tafina.
Tawa, ta Lidiya, ta Fibi.
Ga ta huɗu, baƙa, mai kaifi,
irin wadda ke maƙalewa a silifa a hanyar Sabon Gari.

Kafin ruwan ya zo ya jefa ta, ko bayan ya zo?
Yana can yana barci, ƙafa duk taɓo.
Ban tashe shi ba.
Na mayar da ita ciki a hankali,
don kada ta yi ƙara.