Mabuɗin Ɗakin Ƙarshe

Ni ke riƙe da mabuɗin ɗakin ƙarshe,
bayan inda ake ɗibar jini, daura da tankin ruwa.
Babu taga. Firji biyu:
ɗaya ya mutu tun bara waccan,
ɗayan kan yi tari in an maido wuta.

Ambulan ɗari biyu da sha ɗaya.
Da safen nan na ƙirga.
Kowace da lamba, da kwanan wata, da jan hatimi a baki,
da sa hannun likitan da tuni ya bar ƙasar.
Auduga a kan tsinke.
Abin da aka kankaro daga ƙarƙashin farce.
Silin gashi uku.
Bakin zane da almakashi ya ci.

Mu muka ce musu: kada ki yi wanka tukuna.
Ku auna wannan magana.
Mace ta taso daga Mabera a bayan kabukabu,
jikinta na roƙonta ruwa da sabulu,
ta hana shi,
ta kwanta ƙarƙashin fitila, ta kalli rufi,
don mun ce jiki ba ya ƙarya,
mun ce auduga za ta yi magana gaban alƙali.

Audugar ga ta nan. Shekara huɗu ba a tambaye ta ba.

An ce sinadarin gwaji ya ƙare.
An ce na'urar tana wani gari mai nisa.
An ce takardar kuɗin mota tana kan tebur,
mai teburin ya tafi taro.

Duk Talata Malam Modi mai facin taya yakan zo,
ya tsaya bakin ƙofa, hula a hannu.
"Malama, mi aka ciki? Ya hito?
Kulu ta bar tambaya. Ni ka tambaya."
Nakan ce ana nan ana ƙoƙari,
bakina ya yi ɗaci har la'asar.
Wanda Kulu ta ambata ya buɗe sabon shago a Runjin Sambo.
Na taɓa sayen omo a wurinsa, ban sani ba.
Har canji ya miƙo mini da hannu biyu.

Akwai kuma lamba tamanin da bakwai.
Saboda ita wani yaro ke jiran shari'a a gidan yari,
yana rantsuwa ba shi ba ne.
Wataƙila ƙarya yake. Wataƙila a'a.
Amsar tana nan a shiryayye na biyu,
taku uku daga kujerata.

Ranar da taransifoma ta ƙone, ana tsakiyar bazara,
Sakkwato kamar bakin tanderu,
na je Gawon Nama da kuɗin cefanena
na sayo ƙanƙara, na jera a firji,
na zauna ina jin tana ɗiga
ɗis, ɗis, cikin bokiti.
Mijina ya ce, wa ya aike ki?
Babu kowa.
Amana ce, ko da mai ita ta daina zuwa.

Ɗazu bayan magariba nas ta ƙwanƙwasa.
Ba ta ce komai ba, ta miƙo.
Ambulan ɗin da sauran ɗumin hannu.
Na ɗauki biro, na rubuta ɗari biyu da sha biyu,
na matsa sauran, na sama mata wuri.