Gadon da Zan Hana Ki

A wata na huɗu suka ɗebi jinina a asibitin gunduma,
'yar kwalba kamar ɗan yatsa.
Na koma gida na tatsi awaki, na manta.

Mako biyu, sai ga babur ɗin ungozoma Ichinhorlo
yana keta ciyawar da sanyi ya ƙone.
Sai da ta shanye shayin madara mai gishiri ta buɗe baki:
"Tserendulam, akwai baƙo a hantarki.
Ya daɗe. Ina jin ya girmi haƙoranki."

Ni da na ɗaga maraƙi da safen nan?
Ko kaina ba ya ciwo.

Can na tuna idon innata,
yadda ya koma launin man shanu a bazararta ta ƙarshe,
cikinta ya tashi kamar mai juna biyu
tana da shekara hamsin da ɗaya.
Muka ce iska ce. Muka ce kitsen rago ne.
Ashe ruwa ba ya tsami banza.
Ranar da ta haife ni ta miƙo mini shi, ba ta sani ba,
tun kafin 'yan kunnen murjani da tukunyar jan ƙarfe.

Kwana uku Gombo yana ware ƙoƙonsa.
Ungozoma ta ɗauki nawa, ta kurɓa a gabansa.
"Ba ta cokali yake bi ba. Kai ma miƙo hannu a duba."
Ya miƙa, idonsa a ƙasa.

Tun da na shiga wata na bakwai, ƙwaya ɗaya kullum,
ina haɗiya idan hasken saman tanti ya taɓa ƙafar murhu.

Ke kuma, mai shurina da tsakar dare,
an ce yini da kwana kawai gare mu bayan kukanki na fari:
allura a cinya, kafin rana ta zagayo.
Maganin ba ya son zafi, ba ya son daskarewa,
a gindin duwatsun Altai kuwa na biyun ake tsoro.
Zan sauka gari tun ƙanƙara ba ta toshe mashiga ba,
in bar wa ubanki tumaki ɗari biyu da mitarsa.

'Yan kunnen naki ne.
Tukunyar ma, duk da gefenta ya lotsa.
Na ukun ne nake so ya ƙare a kaina.

Na riga na ɗaure kaya.
Kwanta, ki daina shuri, hanya da nisa.