Harshen Yatsu

Shekara bakwai ina dambe da harshena.
Babana dillali ne a kasuwar shanun Marwa,
yakan sayar da sa kafin ka gama atishawa.
Ni kuwa in na fara "du-du-dubu",
kafin ɗarin ta fito
mai saye ya kai Mokolo.

An ba ni rubutu na sha.
An sa mini tsakuwa ƙarƙashin harshe.
Da asuba nakan gangara yashin Kaliyawo
in yi ta ciniki da iska,
in taya, in ce albarka, in sallama,
ko gargada babu.
Da na haɗa ido da mutum, sai igiya ta zarge.

Wata Litinin ciniki ya mutu a bakina,
jan bijimi, sefa dubu ɗari uku.
Baba bai zage ni ba, shirunsa ya fi bulala.
Ya miƙo mini fatun awaki biyar, in kai majema,
aiken da ba ya bukatar baki.

Wari ya tarbe ni tun daga kwalta:
toka, kashin tantabara, ruwan bagaruwa.
Tsoho Hamajoda na cikin rami har gwiwa.
Ina jiransa, hannuna na kiwo kan fatun shanya,
na ware guda gefe.
Ya ce, laifinta?
Na ce, "za-za-za..."
Na fasa. Na ja ta da yatsa biyu,
ta yage.

Ya daɗe yana kallona.
Ya ce, yaro, shekara nawa kana ban ruwa a kan fa,
ga fadamarka kwance a tafin hannu?

Yau damina goma sha ɗaya ke nan.
Dukawan Garwa da na Njamaina
ba sa biya sai na shafa.
Yatsuna sun san akuyar da ta sha ƙaya,
sun san ragon da aka feɗe da gaggawa ranar layya.
Farcena ya rine, sabulu ya haƙura.

In'inar tana nan, ban kore ta ba.
Na ba ta ɗakinta, na daina kai ta ƙara,
mukan gaisa da safe kamar maƙwabta.
Kuɗin fata da tsinke nake rubutawa a ƙasa,
ba wanda ya taɓa cewa in maimaita.

Jiya Baba ya zo, sanda na yi masa jagora,
yana neman buzun salla.
Na zaɓa masa ido rufe.
Ya shafa, ya juya, ya sake shafawa,
ya buɗe baki zai taya,
dillalin Marwa guda,
sai kalma ta maƙale masa.

Ban gaggauta shi ba.
Na san yadda ake jira.