Ƙahon Kaka Tweddle

Matso kusa, Keziah, ƙara gawayi,
Ƙafata ta dama tana tuna hanya.

Kin ga ƙahon can da ke rataye a ƙusa?
Ya daɗe rabonsa da ɗaga murya.

Shekara ashirin da biyu ina busa shi,
Daga Carlisle zuwa Kendal, in juya.

Mazaunina can ƙarshen keken doki,
Ƙafata bisa akwatin gidan waya.

Jar riga, bindiga mai faɗin baki,
Da agogo a kulle don kada in yi ƙarya.

Makullinsa na can wurin manyanmu,
In na makara minti biyar, sai tambaya.

Huɗu a ciki, su sun biya da tsada,
Uku a kan rufi, iska na yankar wuya.

Na ɗauki alƙali da mai sayar da ulu,
Da sojan da ya dawo da hannu ɗaya.

Kowa gwiwarsa na gugar ta wani,
Gargada ba ta san mai dukiya.

In na busa, mai tsaron shinge ya zabura,
Ko takalmi babu, ya buɗe mana hanya.

Kowane zango a sauya dawaki huɗu,
Kafin shayinka ya huce an ɗaure kaya.

Matuƙinmu Nattrass ba ya son magana,
Da dawakinsa kaɗai yake dariya.

To, ga daren da nake so ki riƙe:
Janairu ne, bisa tudun Shap, ɗiya.

Ƙanƙara na zuba kamar ana tankaɗe,
Ba ka gane gefe, balle tsakiya.

Ƙafafun keke suka nutse, suka ƙi,
Nattrass ya aje bulala: "Ba tafiya."

Doka ta ce mutum yana iya jira,
Wasiƙa ce ba a bari ta kwana a hanya.

Akwai matar Garth a ciki da jariri,
Ta kama hannuna, na kasa waiwaya.

Na tuɓe babbar riga na rufa musu,
Na ɗaure jaka biyu bisa goɗiya.

Ban ce mata komai ba, me zan ce?
Har yau abin na nan a zuciya.

Can gaba goɗiyar ta durƙusa, ta ƙi tashi,
Na saɓa jakunkunan a wuya.

Inda na kasa taku, na ja gwiwa,
Ina ƙirga numfashi ɗaya-ɗaya.

Gari na wayewa na faɗi ƙofar Kendal,
Na ce a kai shebur, akwai rai a baya.

Jaririn ya rayu, maƙeri ne yanzu,
In mun haɗu ba ya ko waiwaya.

Likita ya ɗebe mini yatsu uku,
Aka ba ni fam biyu da godiya.

Ina bakin wuta aka buɗe jaka,
Shugaban gidan waya ya ɗauki ɗaya,

Mai jan hatimi. Ya karanta, ya ninke,
Ya dube ni, ya sunkuya don kunya.

Umarni ne: da zarar an gama shimfiɗa dogo,
Jirgin ƙasa zai karɓe mana kaya.

Ashe wuƙar da za a yanka ni da ita
Ita na goyo tsawon dare a baya!

Dawakin Nattrass sun koma huɗa,
Shi bai ga bazara biyu ba a duniya.

Keken na nan bayan masaukin Tebay,
Kaji ke ƙwai a kujerar lauya.

Ji kukan jirgin! Ya makara minti huɗu,
A zamaninmu da ya sha tambaya.

Bari dai, ɗauko wasiƙar babanki,
Jirgin ya kawo ta, na yarda, lafiya.

Amma ɗora ta a kumatunki ki ji:
Ba ɗumin bayan kowa, ko ɗaya.