In'ina

Da hannuna na haɗa ta a Nima,
katin hoto na gwanjo,
sidi dubu biyu, har da rantsuwar Malam Issaka.

Sai ga ta da in'ina.
Motata na shan kwana, ta ƙame,
ta zabura, na farka a rami.

Na zargi gwanjo, na zargi wutar unguwa.
Na rage inuwa, na aske ciyawar wasan.
Shiru.

Ƙanwata Barira ta dafa akwatin:
"Yaya, zazzaɓi ne."

Na kwance fanka.
Ƙarƙashinta leda ce ban ɓare ba,
da jan rubutu tana roƙon a cire ta.

Sati uku ina tsine wa Issaka.
Gobe zan kai masa waakye,
da ƙwai biyu.