Marar Bango

A Bajoga, bayan la'asar,
na zazzage kwalin sabulu a kan tabarma,
tabarmar da ita ce ajinmu, ni ce uwa, ni ce malama.
Littattafai goma sha bakwai,
biyu gara ta ɗanɗana,
ɗaya babu bango, babu shafin ƙarshe.

Barira ta kai sha uku,
tana son labarin da zai hana ta barci.
Bappayo, ɗan takwas, sai jirgi, sai kada.
Dija kuwa hoto take karantawa
da yatsa mai maiƙon ƙosai.

Yaya zan ciyar da baki uku da ludayi ɗaya?

Na kasa su uku, kamar naman layya.
Na Dija a ƙasa, inda hannunta zai kai,
na Bappayo a kan kujera,
na Barira a taga, nesa da yoyon kwano.
Na tsara ranaku a bayan takardar kuɗin wuta.

Tsarin bai kwana biyu ba.

Daren Talata aka ɗauke wuta.
Na laluba, hannuna ya faɗa kan marar bango.
Na karanta da fitilar waya
har takarda ta ƙare
mai jaki yana tsakiyar kogi.

"Sai me?" in ji Bappayo.
Barira ta ce jakin ya iya iyo.
Dija ta ce a'a, wajen uwarsa ya koma.
Suna musu har tuwo ya huce.

Yanzu shi suke fara nema.
Jiya jakin ya isa Ashaka.